Mari Ɗaya da Suruki

A gidanmu har yau, idan baƙo ya zauna gaban akushi yana jin nauyin mai gida, sai mai gidan ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya ce, "To, ni na tahi Gandi." Ba kuwa Gandin zai tafi ba, iyakarsa bayan rumbu. Yara kan yi dariya ba su san mafari ba. Mafarin kuwa Lauwali Akushi ne, mahaifin kakarmu Kulu, kuma daga bakinta labarin ya zo mana.

An haifi Lauwali a Maikujera, ƙasar Rabah, shekara biyu bayan Nasara sun shiga Sakkwato. Manomi ne ɗan manomi. Da damina gero da dawa da wake, da rani kuma ya kora jakinsa zuwa fadamar Goronyo ya yi albasa. Bai yi karatu mai zurfi ba, bai riƙe ko sarautar samari ba. Abu biyu aka san shi da su. Na farko ci. Duk wanda ya kira shi gayya, sai matan gidan su ƙara tuwon mutum uku, amma ba a taɓa ƙorafi ba, don noman mutum huɗu yake yi. Nan ya samo sunan Akushi. Na biyu kunya, musamman kunyar suruki, wadda ya kai ta inda ko tsofaffin garin sai da suka ce ya yi yawa.

Matarsa Uwaliya 'yar Malam Maccido ce, wani gajeren tsoho mai fara'a wanda Allah ya jarabta da son kasuwar Gandi. Ba ya saye, ba ya sayarwa. Aikinsa ya zaga wajen jakai, ya buɗe bakin jakin mutane, ya duba haƙora, ya ce ya tsufa, a yi ta musu har la'asar. Ranar kasuwa ko ruwa ake da ƙanƙara ba a samunsa gida.

Lauwali bai taɓa kama sunan tsohon nan ba. Idan suka yi kiciɓis a hanya, sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa a duk inda ƙafarsa take, ko da kan ƙaya ne. Cin abinci a gabansa kuwa, ko shan ruwa, wannan ba a ma maganarsa. Shi ya sa duk ranar da zai je yi wa surukin noma, sai ya zaɓi ranar kasuwar Gandi, don ya san da hantsi tsoho zai kama hanya, shi kuma ya samu ya buɗe ciki da hura.

Sai dai mai kunya a waje ba lalle ba ne mai haƙuri a gida. Lauwali yana da saurin fushi, kuma har ya saki Uwaliya sau biyu. Na farko don akuyarta ta cinye masa irin albasa. Na biyu don ta ba maƙwabciya ƙanzon da ya ce a ajiye masa. Kowane karo kafin mako ya zagayo yana tsugune bayan zauren Malam Maccido da 'yan biko, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya. A karo na biyu liman ya kama kunnensa ya ce, "Lauwali, igiya guda ta rage maka. In ka tsinke ta, sai dai ka gan ta gidan wani." Tun daga ranar ya kama bakinsa. Uwaliya kuwa, da ta gane haka, sai ta ƙara akuya.

A bazarar wata shekara, wajen 1936, Uwaliya na da tsohon ciki, rufin zauren Malam Maccido ya lotsa. Lauwali ya ji labari, bai yi shawara da kowa ba ya ɗauki gatari ya kayar da wata giginya don a tsaga azara. Ashe giginyar na cikin dajin da Turawa suka shata suka ce ba a sara sai da takarda. Azara na jingine a ƙofar zaure malamin daji ya iso, aka tasa ƙeyar su biyun zuwa gaban alƙali.

Alƙali ya ce, "Wa yas sare icce?"

Malam Maccido ya ce, "Allah shi gahwarta malam, ni nis sa shi."

Ƙarya ce, kuma Lauwali ya san ƙarya ce, amma yaya za a yi ya ƙaryata suruki a bainar jama'a? Ya dubi ƙasa ya ce, "Allah shi gahwarta malam, gatarin dai nawa na."

"Zauren nawa na," in ji tsoho.

"Gatarin..."

Alƙali ya gaji, ga zafi, ga wasu masu ƙara na jira. Ya ce, "To, gatari wata ukku, zaure wata ukku."

A lokacin ana share hanyar mota tsakanin Rabah da Wurno, an kuma yi wani ɗan gidan yari na wucin gadi a bakin aikin, shingen ƙaya da zana da rumfuna biyu. Can aka kai su. Fursunoni wajen arba'in ne, ana ɗaure su biyu-biyu da mari a ƙafa, suna ɗaukar marmara a kwando daga rami zuwa hanya tun fitowar rana. Mai kula da su wani gandiroba ne, Kofur Ƙadiri, dogo mai dorina a hammata, wanda ba ya dariya sai in wani na kuka.

Ana jiran maƙeri ya hura wuta, sai Malam Maccido ya gitta, Lauwali ya zube ƙasa ya durƙusa. Kofur ya ce, "Kai, mi ya same ka?" Wani tsohon fursuna mai suna Sodangi, ɓarawon awaki da ya mai da gidan yari gidan kakarsa, ya ce, "Ranka shi daɗe, surukinai na."

Kofur ya dubi wannan, ya dubi wancan, fuskarsa ta washe. Ya ce wa maƙeri, "Haɗa min su."

Maƙeri ya ajiye guduma ya ce, "Haba Kofur, wanga ba a yi."

"Yau an yi."

Haka aka buga ƙusa, ƙafar hagun Lauwali da ƙafar daman surukinsa, sarƙar tsakani ba ta fi kamu biyu ba.

Tafiya ma sai da ta zama abin kallo. Lauwali ba zai jera kafaɗa da suruki ba, ba zai kuma shiga gabansa ba, sai dai baya. To, ga shi dogo, tsoho gajere. Tsoho ya ɗaga ƙafa, Lauwali ya ja baya don ladabi, sarƙa ta miƙe, su duka su kife da kwandunansu. Kowace faɗuwa da bulalarta. Kafin azahar ƙarfe ya saɓule musu fatar idon sawu. Sauran abubuwan da mari kan tilasta wa mutum biyu su yi tare kuwa, dangi ba su taɓa faɗa ba, ba a kuma tambaya.

Amma babbar masifa sai da la'asar. Sau ɗaya ake ba da abinci a wuni, a tsakiyar fili, tuwon dawa wanda dusa ta fi gari yawa, don garin kirki na tafiya gidajen gandirobobi, da miyar kuka da mutum zai iya ganin fuskarsa a ciki. Aka dire wa kowa ƙwaryarsa. Lauwali Akushi, mutumin da ake ƙara wa tuwon mutum uku, ya dubi tuwo, ya dubi gwiwar surukinsa da ke gogar tasa, ya sunkuyar da kai.

"Ci, ɗana," in ji tsoho.

"Na ƙoshi, Baba."

Cikinsa ya yi wani ƙugi har na rumfar can suka waiwayo. Kofur, wanda ya sa aka kawo masa kujera musamman don wannan kallo, ya riƙe ciki yana dariya. Da aka tashi, ya sa aka zuba wa ragonsa tuwon Lauwali.

Tsoho ya gwada dabaru. Ya juya baya, Lauwali ya ƙi, don a ganinsa bayan suruki ma suruki ne, kuma yana da kunne, zai ji tauna da haɗiya. Ya ɓoye loma uku a cikin hularsa don Lauwali ya ci in shi tsohon ya yi barci. Amma ana caje kowa kafin a shiga rumfa, aka samu tuwon, aka yi wa tsoho bulala uku, aka ƙwace hular. Ruwa kaɗai Lauwali ya samu hanyarsa. Wajen alwala, in ya zo kurkurar baki, sai ya tofar da rabi ya haɗiye rabi. Sodangi ya ce bai taɓa ganin mutum mai son alwala irinsa ba, sau tara a wuni.

Kakarmu Kulu takan ce kwana shida ya yi haka. Ƙanenta yakan ce huɗu ne, ita ke ƙarawa. Ko ma nawa ne, sai da ya kai ga ya faɗi a bakin ramin marmara, ya ja tsoho suka gangara tare. Kofur ya ce lalaci ne, ya sa dorina ta tashe shi. Sannan ya tsuguna kusa da kunnensa ya ce, "Akushi, abin ba wuya. Loma guda gaban surukinka, in sa a ƙara maka ƙwarya biyu. Ina son in gani da idona."

Lauwali ya ɗauki kwandonsa.

A inuwar rumfa, da suka samu aka bar su su huta, Malam Maccido ya dubi ƙasa. Can ya ce, "Ɗana, ka saki ɗiyata."

Lauwali ya ji kamar an sake zuba masa dorina.

"In ka sake ta, ni ba kowa na ba gare ka. Wani tsoho na dai da anka ɗaure ku tare. Sai ka ci tuwonka."

"Baba, igiya..."

"Na sani. Guda ta rage, gabana anka hwaɗi. Amma gara ta zan bazawarar mai rai da ta yi takaba da ciki."

Nan fa Lauwali ya ga ta kai masa iya wuya. Ya ci gaban suruki, ba zai ƙara ɗaga ido a Maikujera ba. Ya saki Uwaliya, ta tafi ke nan har abada. Ya ƙi duka biyun, a fitar da shi a zana. Ya buɗe baki, kalmar ta zo har leɓe, sai ya tuna Uwaliya tana zagin akuyarta da sunansa, ya rufe bakin. Ya ce, "Baba, a ba ni zuwa gobe."

Washegari Allah ya kawo Uwaliya da kanta. Ta taso tun asuba a kan jaki da ƙaton cikinta da ƙwaryar hura. Hurar dai a bakin ƙofa ta tsaya, Kofur ya ce sai ya ɗanɗana ko an sa wani abu, ya ɗanɗana har ya ga gindin ƙwarya. Aka bar ta ta yi magana da su ta ɓular zana. Sodangi, wanda ba a sa shi ba, ya riga ya tsegunta mata komai.

Ta gaida mahaifinta, sannan ta juya kan miji, murya ƙasa-ƙasa don kunyar tsoho, amma duk fili ana ji.

"Kai wane, an ce min za ka sake ni. Ka sake ni don akuya, na yi haƙuri. Ka sake ni don ƙanzo, na yi haƙuri, don ƙanzon nan ko ni na san ya yi daɗi. Yanzu don wanga tuwo? Wanda ko kare sai ya yi shawara?"

"Ban ce ba," in ji Lauwali da 'yar muryar da ta rage masa.

"Kak ka ce! Kuma kak ka mutu, ban da zanen takaba." Sai ta share ido da gefen lulluɓi. "Da gida na, ai da sauƙi. Sai mu jira ran kasuwa, Baba shi tahi Gandi, ka ci abinka."

Aka kore ta. Malam Maccido kuwa ya yi ta shafa gemu har aka koma aiki.

Da la'asar aka dire ƙore. Kofur ya zauna a kujerarsa. Sai tsoho ya jawo bargon kwanansu, ya miƙe tsaye iyakar yadda mari ya bar shi, ya karkaɗe riga, ya ɗaga murya.

"Jama'a, ni za ni Gandi kasuwa. Akwai mai saƙo?"

Wasu suka ce yunwa ta taɓa tsoho. Sodangi ne ya fara ganewa, ya ce, "Baba, a gaida min Sarkin Pawa, a ce mai ina nan tahe."

"Shina ji. Ɗana, ka kula da gida, sai na dawo. Ban dawowa da wuri."

Ya zauna, ya juya baya, ya lulluɓe da bargo tun daga kai har ƙafa, a cikin zafin bazarar nan da ko ƙadangare ke neman inuwa. Jim kaɗan sai aka ji murya daga cikin bargo, da ƙarfi kamar mai kiran wani a hayin gulbi: "Salamu alaikum, masu jakai! Wanga na wa na? Buɗe bakinai in gani. Kai, wanga ai ya girmi ubanka!"

Lauwali ya dubi tulin bargo. An yi sallama, an karɓi saƙo, an bar masa amanar gida. Mutumin da ke Gandi yana musu da dillalai, ina zai ji taunar wani a bakin hanyar Wurno? Ya kai hannu ya gutsuro tuwo. Ya ce daga baya bai taɓa cin abin da ya kai dusar nan daɗi ba, ko a gidan biki.

Loma ta uku ke nan Kofur ya farga an ƙwace masa wasansa. Ya taso da dorina. "Kai tsoho, hito! Ga ka nan zaune, wane Gandi?"

"Albarka!" in ji bargo. "Jakin da ke ɗingishi? Albarka!"

Kofur ya kama bargo ya ja, tsoho ya riƙe gam da hannu da haƙori. Sai ya ɗaga dorina ya shimfiɗa masa a gadon baya. Lauwali ya zabura zai tashi, Sodangi ya danne masa kafaɗa ya ce, "Ci, wawa! Tahiyar banza kaka son shi yi?"

Sai murya ta fito daga bargo: "Kai, ƙudan Gandi akwai cizo bana!"

Kofur ya ƙara. Ya sake ƙarawa.

"Ku kore ƙudan ga, jama'a, muna ciniki!"

Lauwali na ci, hawaye na zuba cikin miya, wadda dama gishiri take nema. Sai Sodangi ya ɗaga murya: "Ga albasa, ga albasa ta Goronyo!" Wani daga can ya amsa, "Nono, nono mai kauri!" Wani ya kama kukan jaki, wani na kiran a zo a ga tabarmi, wani Bafillace da bai taɓa magana ba tun da aka kawo shi ya shiga rantsuwa saniyarsa ba ta taɓa ciwo ba. Kafin ka ce kwabo mutum arba'in da mari a ƙafa sun ci kasuwar Gandi a cikin shingen ƙaya. Kofur ya juya nan ya juya can, ya rasa bayan wa zai fara.

Hayaniyar ce ta fito da yari, shugaban wurin, wani dattijo mai son barcin la'asar. Aka faɗa masa abin da ake ciki. Ba tausayi ne ya kama shi ba, ya dai tuna likita Bature na zuwa duba fursunoni ƙarshen wata, kuma yakan sa a tuɓe riga. Ya ce, "Kofur, bar shi. In ya mutu Gandi, nan za a tambaye mu gawa."

Da Lauwali ya suɗe ƙwarya, Sodangi ya yi gyaran murya ya ce kasuwa ta watse. Tsoho ya yaye bargo, jiƙe sharkaf da gumi, baya duk jini. Ya ce, "Salamu alaikum. Na dawo. Lahiya nit tarad da gida?"

Lauwali ya durƙusa, bakinsa da maiƙon miya, ya ce, "Lahiya lau, Baba. Sannu da hanya."

Ba a raba su ba, don yari ya ce ba zai kira maƙeri saboda mutum biyu ba. Haka Malam Maccido ya riƙa zuwa Gandi kullum la'asar har wata uku suka cika, kasuwar da a duniya sau ɗaya take ci a mako. Fursunoni suka riƙa ba shi saƙo, yana dawo musu da labari, wa ya yi aure, jakin wa ya mutu. Kofur Ƙadiri ba abin da aka yi masa, ya samu wasu ya ci gaba da dariyarsa. Lauwali bai ƙara kama sunansa ba har ya mutu, amma wannan ba don kunya ba.

Sun fito ana shuka, suka tarar Uwaliya ta haifi Kulu. Zaure kuwa da kara aka rufe shi, tsoho ya ce ya ƙoshi da azara. Tabon mari bai bar ƙafar Lauwali ba, na dorina bai bar bayan tsoho ba. Abokan wasa kan tsokani Lauwali su ce, "To Akushi, yanzu ai kunya ta ƙare, wata ukku kana ci gabanai." Sai ya ɓata rai da gaske ya ce, "Yaushe? Shina Gandi."

Ya zauna da Uwaliya shekara arba'in da ɗoriya a kan igiyar nan guda, akuyoyinta na cin abin da suka ga dama. Ya rasu a Maikujera yana da kusan tamanin, bayan ya ci tuwon dare ya nemi ƙari.

Sau ɗaya tak Kulu ta ce ta ga an kai masa akushi an dawo da shi yadda yake. Ranar da aka binne Malam Maccido ne. Uwaliya ta kai masa da kanta, ta ce, "Ci mana. Ai ya tahi."

Lauwali ya dubi tuwon. Sannan ya mayar da murfi ya ce, "Bai yi sallama ba."